Kifi na mutuwa a tankin gilashi na hannu: yadda za ka gano gubar kafin ka sake sayen ko ɗaya

Tankin gilashi na kiwon kifin ado ba ya wuyar samu na hannu a Zariya. Ɗalibi ya gama karatu a Samaru ko Kongo yana neman rage kaya, ma'aikaci an yi masa canjin wurin aiki, wani otal ko ofis ya gaji da ɗawainiya, sai ka ji an ce ga tanki da famfonsa da tsakuwarsa a rabin kuɗi. Ka kai gida, ka wanke, ka cika da ruwa, ka saka kifi. Kwana biyu ko mako guda su fara mutuwa. Ka sayo wasu, su ma su bi sahu. Daga nan sai zargi ya koma kan tankin, a ce akwai guba a jikinsa.

Zargin na iya zama gaskiya, amma akwai abin da ya kamata a riƙe tun farko: shi gilashi ba ya shan komai. Tangaran idan an wanke shi ya wanku, tukunyar ƙasa ce ke riƙe warin daddawa har bayan shekara. A tankin kifi, tsakuwa da duwatsu da soson matata (na'urar tace ruwan tanki) da itacen ado da tiyo da gam ɗin da ya haɗa gilashin su ne masu riƙe abin da ya taɓa su. Bayan su kuma akwai abin da ke shiga tankin kullum daga gidanka kai kanka, ta ruwa, ta iska, ta hannu. Sau da yawa can ne matsalar take, tankin ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Don haka ka tsayar da sayen kifi tukuna. Rayuka ne, kuma amana ce a hannunka, bai dace a riƙa gwajin ruwa da su ba.

Ka fara da ceton waɗanda suka rage

Nemi sabon bokiti ko babbar roba da ba a taɓa wanki ko wanke-wanke a ciki ba. Zuba ruwan da ka tabbatar babu kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo) a cikinsa, ka kuma taɓa da bayan hannu ka ji sanyinsa ya yi daidai da na tankin, idan kana da ma'aunin zafi ka auna. Mayar da kifin ciki, ka sa musu famfon iska da sabon tiyo. Kada ka ɗauko komai daga tsohon tankin, ko da ɗan dutse ne. Rufe bokitin da tsumma mai tsabta, domin kifin da ya firgita yana tsalle ya faɗo.

Kada ka ba su abinci kwana biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi, abincin da ya ruɓe a bokiti kuwa yana kashewa. Kowace rana ka zubar da rabin ruwan ka maye da sabo.

Kafin ka zubar da ruwan tankin, ɗebi kwalba guda mai tsabta ka cika ta, ka rufe, ka rubuta rana a jiki, ka ajiye wuri mai sanyi. Mutane da yawa cikin ɓacin rai sukan juye komai a kwata, daga baya kuma babu abin da za a gwada. Kifin da ya mutu ka duba shi nan take, domin yana saurin lalacewa. Ɗaga marfin da ke gefen kansa ka ga naman da yake numfashi da shi. Na lafiyayyen kifi ja ne jawur. Idan ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan, wannan alamar naitirayit ce, wata guba da ke samuwa daga dattin kifi a cikin ruwa. Idan ya koɗe ya cika da yauƙi, wani abu ne ya ƙona shi, kulorin ko amoniya (gubar da ke fita daga kashin kifi) ko sabulu. Ka sa safar hannu ta roba idan akwai ciwo a hannunka, dalilin zai zo nan gaba.

Lokacin da suka mutu shi ne babbar shaida

Zauna ka tuna, ko ka tambayi mutanen gida: yaushe aka saka kifin, yaushe na farko ya mutu, me aka yi a ɗakin a ranar. Wannan lissafin ya fi kowane gwaji saurin nuna hanya.

Idan cikin mintuna ko 'yan awanni da saka su, ko da ƙara sabon ruwa, suka fara haukan gudu, suna karo da gilashi, suna juyawa kamar majaujawa, suna neman fita daga ruwan, to abu ne mai kaifi: kulorin, maganin ƙwari, ragowar omo, ko kuma bambancin zafi tsakanin ruwan ledar da aka kawo su da na tankin. Irin wannan ba ya zaɓe, babba da ƙarami, kowane iri, lokaci guda yake kama su.

Idan kuwa sun yi kwana uku ko huɗu lafiya ƙalau, sannan suka fara lanƙwamewa, suna taruwa a saman ruwa suna buɗe baki, suna ƙin abinci, aka riƙa rasa ɗaya yau biyu gobe har cikin mako na biyu da na uku, wannan kusan kullum amoniya ce da naitirayit. Ina so in daɗe a nan, domin ita ce ta fi kashe kifi a tankin hannu kuma ita aka fi ɗauka a matsayin gubar tsohon mai shi.

Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma na ƙara ta. A tankin da ya daɗe yana aiki akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata da jikin tsakuwa. Wasu suna mayar da amoniya naitirayit, wasu su mayar da naitirayit naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai sai ya taru. Waɗannan ƙwayoyin suna buƙatar ruwa mai motsi da iska. Ranar da aka zubar da ruwan tanki aka jingine shi a sito ya bushe, sun mutu. Kai kuma da ka ga tsohuwar matata sai ka ɗauka tanki ne da ya riga ya zauna, ka zuba kifi goma rana ɗaya. A haƙiƙa sabon tanki ne fil, kuma ya fi sabo muni, tunda busasshen dattin da ke maƙale a tsakuwa yana jiƙa ya ruɓe ya ƙara amoniya. Kafin ƙwayoyin su dawo su yi ƙarfi ana ɗaukar mako 4 zuwa 6.

Idan da asuba ake tarar da gawa, musamman daren da aka ɗauke wuta ko a tsakiyar bazara, ƙarancin iska ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, kuma a Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano kan ɗumama tanki ya wuce digiri 30. A hunturu kuma akasin haka: yawancin ƙananan kifayen ado irin su gupi da moli suna son digiri 24 zuwa 28, daren Disamba da Janairu a Zariya kuwa yana saukar da ƙaramin tanki ƙasa da 20. Sanyin ba lallai ya kashe su kai tsaye ba, yana raunana su ne, sai farin ɗigo-ɗigo kamar gishiri ya feso musu a jiki.

Mutuwar da ke tafiya a hankali, makonni ana rasa ɗaya-ɗaya, kifi na ramewa ko gyambo na fito masa, wannan cuta ce ko kuma ƙarfe da ke narkewa cikin ruwa kaɗan-kaɗan.

Koma wurin wanda ya sayar maka

Ka je da lalama, ba da rigima ba. Wanda aka tsare da zargi ba ya tuna komai. Ka ce, “Malam, don Allah ina neman taimako ne, kifayen nan sun ƙi zama.” Sannan ka tambaye shi me ya sa ya daina kiwon, ko nasa ma mutuwa suka yi. Ka tambayi wane magani ya taɓa zubawa a ruwan. Ka tambayi inda tankin ya zauna bayan an zubar da ruwa, da abin da ke kusa da shi. A garin noma irin namu, sito guda ne ke ɗauke da taki da maganin ciyawa da maganin ƙwarin wake da galan ɗin fetur da shinkafar ɓera, kuma tanki babu ruwa wuri ne mai daɗin jefa tarkace. Ka tambaya ko an taɓa ajiye wata dabba a ciki, kunkuru ko ƙadangare ko ɓerayen gwaji, domin irin wannan ana wanke shi da Izal ko Dettol, kuma dukansu guba ne ga kifi.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ko tankin ya taɓa yoyo, wa ya gyara, da wane gam. Masu aikin gilashi da alminiyom suna iya haɗa tanki tsaf, sai dai silikon ɗin da ke hannunsu na taga ne da banɗaki, kuma wasu daga cikin irin waɗannan an zuba musu maganin hana fumfuna. Wannan maganin yana fita cikin ruwa a hankali. Duba kusurwoyin da kyau: gam kala biyu, ko wani sabo a kan tsoho, ko fari a inda sauran ke garai-garai, duk suna nuna an yi gyara. Idan gam ɗin ya rine shuɗi ko kore, an taɓa zuba maganin cuta a tankin. Rinin kansa ba abin tsoro ba ne, amma yana gaya maka cewa tsakuwar ma ta sha magani, kuma wasu magungunan farin ɗigo da jan ƙarfe ake haɗa su. Jan ƙarfe yana maƙalewa a tsakuwa da murjani da ɓawon katantanwa, ya riƙa dawowa cikin ruwa bayan watanni.

Ruwan da kake zubawa

Kayan gwajin ruwa ba su da yawa a shagunanmu, sau da yawa sai an yi saƙo Kaduna ko Kano ko Abuja, ko a saya ta intanet. Duk da haka kuɗinsu bai kai asarar kifi zagaye biyu ba. Ka nemi wanda ke auna amoniya da naitirayit da naitiret da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. Na ɗigawa a kwalba ya fi na tsinken takarda inganci, kuma ka duba ranar ƙarewar aikinsa.

Ka auna ruwa biyu: na tankin da ka ajiye a kwalba, da wanda kake ɗebowa kafin ya shiga tanki. Amoniya da naitirayit dole su nuna sifili. Duk abin da ya wuce haka a tanki mai kifi matsala ce, kuma illar amoniya na ƙaruwa idan ruwan na da ɗumi ko pH ya haura 7.5. Naitiret a riƙe shi ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan naitirayit ne ya tashi, gishiri zalla giram 1 a kowace lita yana rage shigarsa jinin kifi, kafin canjin ruwa ya yi nasa aikin.

Kowane irin ruwa da muke amfani da shi a Zariya da nasa hali. Ruwan famfo, ko wanda ake tacewa daga Galma ne ko na jami'a daga madatsar Kubanni, ana sa masa kulorin don lafiyar mutane, kuma adadin da ba ya yi wa mutum komai yana ƙona wurin numfashin kifi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana biyu da famfon iska a ciki, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu sayar da kifin ado ke ajiyewa. Maganin ya fi tabbas, domin akwai wani nau'in da ake kira kuloramin wanda ajiya kaɗai ba ta fitar da shi.

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iskar shaƙa, wani ma da ƙarfe, wanda za ka ga ya yi ja bayan ya kwana. Shi ma a bar shi ya kwana da iska. Rijiyar cikin gari, a unguwannin da gidaje suka cushe kuma masai ke kusa, tana iya zuwa da naitiret ko amoniya tun daga tushe, shi ya sa na ce a auna kafin ya shiga tanki. Ruwan sama da ya gangaro daga rufin kwano yana ɗauko tutiya da ƙura da kashin tsuntsu, haka ma duk ruwan da ya zauna a tankin kwano ko bokitin ƙarfe. Tutiya guba ce ga kifi.

Sai ruwan 'yan ga-ruwa. Ruwan na iya zama mai kyau, jarkar ce abin tambaya. Mafi yawansu tsofaffin jarkokin man girki ne, amma babu mai ba ka tabbacin wata ba ta taɓa ɗaukar gas ko kalanzir ko wani sinadari ba, kuma roba tana riƙe waɗannan. Shinshina jarkar, ka duba saman ruwan a rana ko akwai maiƙo mai launin bakan gizo. Mafi sauƙi ka sayi jarkoki biyu naka, sababbi, ka ware su don kifi kawai.

Iskar ɗakin, da hannun mutanen gida

Nan ne na fi jin tsoro, domin abubuwa ne da muke yi kowace rana ba tare da mun ɗauke su komai ba. Famfon iska yana zuƙo iskar ɗakin ne ya tura ta cikin ruwa. Duk abin da aka fesa ko aka ƙona a ɗakin, ta nan yake shiga.

Maganin sauro na fesawa da na kunnawa yawanci daga dangin sinadaran fairetiroyid suke, kuma kifi na daga cikin halittun da suka fi kasa jure su. Wasu daga cikinsu miligiram ɗaya a lita ɗari ya isa ya kashe kifi. Ota-fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarinsu daikulobos ne, suna tashi su cika ɗaki su sauka a ruwa. Wannan dama na gona ne, ba na ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa. Kifin da maganin ƙwari ya taɓa yana kakkarwa, yana fizge-fizge, yana kifewa ya kasa daidaita, wani jikinsa ya lanƙwashe.

Gidan sauro mai magani shi ma haka. Zarensa na ɗauke da irin wannan sinadarin. Idan aka yanko ɓangarensa aka yi marfin tanki da shi, ko aka ɗinka komar kamun kifi, ko aka wanke shi a bokitin da ake ɗebo wa kifi ruwa, an gama da su.

Idan dole a yi feshi, a kashe famfon iska, a lulluɓe tankin da leda ruf, a fesa, a buɗe tagogi iska ta wuce sosai, sannan a buɗe tankin a kunna famfo. Kada rufin ya wuce awa ɗaya ko biyu. Abin da ya fi shi ne tankin ya zauna a ɗakin da ba a feshi kwata-kwata. Hayaƙin janareta, sabon fenti, turaren fesawa, da kaskon turaren wuta idan ana ajiye shi dab da famfon, duk a nisantar da su.

Hannu kuma: man shafawa, humra, sabulu, man zafi, maganin sauro na shafawa. Duk wanda zai tsoma hannu a tanki ya ɗauraye da ruwa zalla har gwiwar hannu. Yara kan jefa kwabo ko batir ko tuwo don su ga kifi ya ci. A yi musu bayani, a kuma yi wa tankin marfi.

Akwai gwaji mai sauƙi idan kana zargin maganin ƙwari. Ɗebo 'ya'yan sauro masu wutsil-wutsil daga wani ruwa da ya kwanta, ka raba su kofi biyu, ɗaya da ruwan tankin, ɗaya da ruwa mai tsabta, ka rufe da tsumma. Idan zuwa gobe na ruwan tanki sun mutu ɗayan kuma suna nan, zarginka ya yi ƙarfi. Idan duka suna raye, bai wanke ruwan sarai ba, alama ce kawai. Ka juye su a busasshiyar ƙasa bayan gwajin. Kada ka je rafi ko kududdufi ɗebo katantanwar ruwa don gwaji, ita ce ke ɗauke da tsargiya. Kada kuma ka yi gwaji da 'yar tarwaɗa. Tana iya haɗiyar iska daga sama, tana jure ruwan da zai kashe gupi cikin dare, rayuwarta ba ta tabbatar da komai.

Kwance tankin har ya koma gilashi zalla

Idan gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sifili ne, ruwanka lafiya, ɗakin ba a feshi, kuma kifi na ci gaba da mutuwa, yanzu ne za a tuhumi kayan tankin. Ni dai shawarata, ko da ba a kai ga haka ba, duk tankin da ba ka san tarihinsa ba a yi masa wannan aikin tun ranar farko.

Tsohuwar tsakuwa da yashi, soso da audugar matata, tiyo, dutsen fitar da kumfa, itace, murjani, furannin roba da suka koɗe, duk a zubar. Na san da ciwo, tunda da su aka yi ciniki, amma babu wankin da ke fitar da jan ƙarfe ko maganin ƙwari daga cikinsu. Idan ka tona tsakuwar ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan iska ce mai guba da ke taruwa a ƙasan datti inda iskar shaƙa ba ta kaiwa. Duk wani abu na ƙarfe, waya, ƙusa, dalmar da ake ɗaure tsiro da ita, abin ado mai fenti da ke ɓarewa, ba ya komawa. Dutsen da kake so ka riƙe, ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa yana ɗaga pH, idan kuma yana da jijiya mai ƙyalli kamar ƙarfe ko tsatsa, a bar shi waje. Duba hita mai ɗumama ruwa ko ta tsage. Idan an taɓa fasa tsohon ma'aunin zafi mai zaiba a cikin tankin, tsakuwar nan a ƙulle ta a leda a fitar da ita daga gida.

Gilashin a fara goge farin dattin da ya daskare da ruwan khal da sabuwar reza, a ɗauraye sosai. Bayan nan a haɗa Hypo ko wani bilic zalla marar ƙamshi, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, a shafe ko'ina, a bar shi minti 15, a ɗauraye sau da yawa. Kada khal da bilic su taɓa haɗuwa, suna fitar da iskar kulorin da ke cutar da huhun mutum, kuma a yi aikin a tsakar gida. A cika tankin da ruwa, a zuba maganin cire kulorin ninki biyu, ya kwana, a zubar, a bar shi ya bushe ƙarau har warin ya tafi. Omo da sabulu ba su da wuri a wannan aikin ko kaɗan.

Bilic ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire ƙarfe. Akwai kuma wata cuta mai taurin kai, dangin tarin fuka ta kifi, wadda ke sa su rama da gyambo. Tana jure bilic fiye da sauran, don haka idan tarihin tankin ya nuna irin wannan mutuwar, a bi gilashin da sifirit bayan ya bushe. Tana iya shiga mutum ta yanka ko ƙuje a hannu ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa, dalilin safar hannu ke nan. Wanda ya ga irin wannan ƙurjin ya gaya wa likita cewa yana kiwon kifi.

Idan gam ɗin abin zargi ne, a kankare wanda ke cikin kusurwoyi da reza, ba tare da an tura rezar tsakanin gilashi da gilashi ba. Sabon silikon ba ya kama tsoho, don haka sai an cire shi tas, a goge da sifirit, ya bushe. A sayi wanda aka rubuta na tankin kifi ne, yawanci da hoton kifi a jiki, mai warin khal idan an matsa. Duk wanda aka ce na banɗaki ne ko na kicin ko yana hana fumfuna, a ajiye shi. A bar sabon gam mako guda, sannan a cika tankin a waje, a kan wuri mai daidai, kwana biyu, a ga ko zai yi yoyo. Idan kuwa tankin na roba ne mai kama da gilashi, kuma an tabbatar fetur ko maganin gona ya zube a ciki, kada a sake sa masa kifi. A shuka fure a ciki.

Wanda ke da kifi masu tsada, ko yake zargin rijiyar gidansa, wadda iyalinsa ma ke sha, yana da inda zai je a garin nan. Akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, inda kifi marar lafiya mai sauran rai ya fi gawa amfani wurin bincike. Akwai kuma ɗakunan gwaje-gwaje na jami'ar da na cibiyar NARICT da ke Basawa, inda ake auna ƙarafa a cikin ruwa.

Mayar da kifi

Haɗa tankin da sabuwar tsakuwa da aka wanke da ruwa zalla, da sabon soso. Sa gawayin tace ruwa, wanda ake sayarwa musamman don matata, ba gawayin girki ba. Yana kama ragowar magunguna da sinadarai, amma yana cika, a canza shi bayan mako 3 ko 4. Ga yanayin wutarmu, matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi rufaffiyar matata. Rufaffiyar idan wuta ta ɗauke awanni masu yawa, abin da ke cikinta yana ruɓewa, wuta na dawowa ta turo wannan ruwan cikin tanki. Ƙaramin famfon iska mai caji yana raba ka da wannan da kuma mutuwar asuba.

Bar tankin ya yi aiki babu kifi. Kowace rana jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe, shi ne abincin ƙwayoyin. Auna duk bayan kwana uku. Amoniya za ta tashi ta sauka, naitirayit ya biyo ya sauka, naitiret ya bayyana. Idan kana da aboki mai lafiyayyen tanki, roƙi ɗan yankin tsohon sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda, zai rage maka makonni. A hunturu abin yana jinkiri. Ranar da biyun farko suka tsaya a sifili, canza rabin ruwa.

Ka san girman tankinka: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, wato jarka biyu da ɗan ɗori. Wannan gupi shida zuwa takwas zai ɗauka. Jan kifin nan golfish yana girma kuma yana yawan kashi, guda ɗaya ma tankin ya yi masa kaɗan idan ya girma, kifin da ake kira koyi kuwa na kandami ne. Fara da biyu ko uku. Ɗora ledarsu a kan ruwan minti 20 zafi ya daidaita, ka riƙa ƙara musu ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan ka kwaso su da koma, ruwan ledar a zubar waje. Bayan mako biyu lafiya, a ƙara wasu.

Daga nan duk abin da za ka ƙara a tankin, dutse ne ko itace ko abin ado, ɗaya-ɗaya za ka sa, da tazarar mako guda tsakani, kana rubuta rana. Idan wani abu ya sake faruwa, ka san wanda ya shiga na ƙarshe. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa, a matse soson matata a cikin ruwan da aka ɗebe daga tankin, kada a kai shi bakin famfo.